Tallafin gidaje a Kebbi: Wa ke biyan kuɗin gyara bayan damina?

Da zarar ruwan watan Agusta ya kankama a kwarin Gulbin Kebbi, akwai lissafin da magidanta kan yi wanda ba ya cikin kasafin kuɗin kowace gwamnati: wane bango ne zai kai kaka a tsaye, wane ne kuma zai kwanta.

A Gwadangaji, tsohon garin da Birnin Kebbi ya yi ta faɗaɗa har ya cim masa, ana iya ganin ɓangarori biyu na matsalar muhalli a tafiya guda. Ga sakatariyar gwamnatin jiha da gidajen bulo da suka biyo bayan ƙirƙiro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a ranar 27 ga watan Agustan 1991. Ga kuma gidajen gado na ƙasa, waɗanda ke tsaye da ƙarfin yaɓe da faci na shekara-shekara.

Kusan duk shirye-shiryen gidaje na gwamnati an tsara su ne da ɓangaren farko a zuciya. Ɓangare na biyu kuwa, inda mafi yawan jama'a ke kwana, ba kasafai ake tunawa da shi ba sai bayan ruwa ya yi ɓarna.

A daminar 2024, gwamnatin jihar Kebbi ta ce ambaliya ta hallaka mutane 29, ta kuma lalata gidaje kimanin dubu 321 a ƙananan hukumomi 16 daga cikin 21 na jihar. Ko da an ɗauka cewa an haɗa da gidajen da ɗaki ɗaya ko katanga kawai ta faɗi, adadin ya isa ya sa a tambaya: daga ina kuɗin gyara ke fitowa?

Kalma ɗaya, abubuwa uku

A bakin jama'a, da ma a sanarwar hukumomi, kalmar "tallafi" tana ɗaukar abubuwa uku da ba su yi kama da juna ba.

Akwai kyauta, wato kuɗi ko kayan gini da ake ba mutum ba tare da an nemi ya mayar ba. Akwai rance mai rangwame, wanda dole a biya shi, sai dai kuɗin ruwansa bai kai na kasuwa ba. Sannan akwai agajin gaggawa, wanda ba ya zuwa sai bayan bala'i ya auku.

Najeriya na da tsari na dindindin, mai doka da ofisoshi, domin rance. Tana da hukumomin agajin gaggawa a tarayya da jihohi. Abin da ba ta da shi a matakin ƙasa shi ne tsarin kyauta na dindindin, wanda mai ƙaramin ƙarfi zai nema kafin damina domin ya ƙarfafa gidan da yake ciki.

Asusun gidaje na 1992

Ginshiƙin lamunin gidaje a ƙasar shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa da dokar soja mai lamba 3 ta shekarar 1992. Bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, FMBN, shi ke riƙe da asusun.

Tsarin ya yi kama da adashi mai dogon zango. Ana cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci a kowane wata. Bayan ya yi zubi na aƙalla watanni shida, yana da damar neman rancen sayen gida ko gina shi, a kan kuɗin ruwa kashi shida cikin ɗari a shekara, ya biya cikin shekarun da za su iya kai wa 30. Wanda bai ci rance ba har ya yi ritaya, yana iya neman a mayar masa da abin da ya tara.

Asusun ya sha suka. A shekarun 2000 ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ta ƙorafin cewa ana cirar kuɗin ma'aikata amma ba a ganin gidaje, har wasu jihohi suka dakatar da zubin na wani lokaci. A 2023 kuma aka yi wa dokar gyara, zubin ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu.

Duk da haka, kashi shida cikin ɗari ba ƙaramin rangwame ba ne. A ƙarshen 2024 hauhawar farashin kaya a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma na ba da rance a kan ruwan da ya ninka na asusun sau huɗu ko fiye. Ke nan wanda ya samu rancen asusun ya samu tallafi na gaske, ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

Matsalar ita ce wa ke iya kai wa gare shi.

A watan Oktoban 2024 Gwamna Nasir Idris ya amince da naira dubu 75 a matsayin mafi ƙarancin albashi a jihar Kebbi, sama da naira dubu 70 da gwamnatin tarayya ta tsayar a wannan shekarar. Ƙa'idar masu ba da lamuni ita ce kada biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, wato naira dubu 25 a wata ga mai wannan albashi. Idan aka lissafa a kan ruwa kashi shida cikin shekaru 30, rancen da zai iya ɗauka bai wuce naira miliyan huɗu da 'yan kai ba.

Gidan naira miliyan takwas kuwa, wanda a ma'aunin gidajen gwamnati na baya-bayan nan mai ɗaki ɗaya ne da falo, zai ci kusan naira dubu 48 a wata. Magidancin da ke da mata da 'ya'ya, da iyaye ko ƙanne a wuyansa, gidan ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma bai isa iyalinsa ba.

Bankin na da wani tsari da ya fi kusa da bukatar gyara. A 2024, rance ne da ya kai naira miliyan ɗaya, a biya cikin shekaru biyar a kan ruwa kashi shida. Biyan wata-wata ya kama kimanin naira dubu 19 da ɗari uku. Ba a neman jinginar gida, sai dai ana bi ne ta hannun ma'aikatar da mutum ke aiki, a riƙa cirewa daga albashi.

A nan ne manomin shinkafa na fadamar Argungu, da masunci, da mai sayar da kayan miya, da bazawarar da ke riƙe da marayu, suka fita daga lissafi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba su da albashin ofis.

Takardar fili

Shinge na biyu takarda ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mai fili a birni na bukatar takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, kuma ba zai jinginar da filin ba sai da amincewar gwamna.

Gidan gado a tsohuwar unguwa ba safai yake da irin wannan takarda ba. Shaidarsa ita ce maƙwabta da mai unguwa da hakimi, ko takardar rabon gado daga kotun shari'a. Sau da yawa ma ba a raba shi ba: magada goma ko fiye ne ke da haƙƙi a ciki, kowa da sashensa. Irin wannan gida kowa a gari ya san masu shi, amma a idon banki tamkar babu shi.

Wannan ma na shafar gyara. Gidan da mutane da yawa suka mallaka, wani lokaci kowa kan jira ɗan'uwansa ya fara fitar da kuɗin yaɓen katangar da ta haɗa su.

Kuɗin ruwa

Akwai kuma shingen da ba ya bayyana a takardun hukuma. Musulmi da dama a Kebbi, jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, ba sa karɓar rance mai ruwa komai ƙanƙantarsa, domin suna ɗaukarsa riba. Akwai ma'aikatan da ake cirar zubi daga albashinsu shekara da shekaru, amma ba su taɓa neman rancen ba saboda wannan dalili.

Hanyoyin kauce wa hakan sanannu ne a fiƙihun ciniki. A murabaha, banki ne ke sayen gida ko kayan gini, ya sayar wa mutum da ribar da aka yi ittifaƙi a kanta tun farko. A ijara, mutum na biyan haya har gidan ya zama nasa. Akwai kuma tarayyar da ke raguwa, inda banki da mai saye ke mallakar gidan tare, mai sayen ya riƙa sayen kason bankin sannu a hankali.

Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ya ta'ammali da ruwa a 2011, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, bankin Jaiz kuma ya fara aiki a 2012. Sai dai waɗannan hanyoyi sun warware matsalar halacci ne kawai. Mai karɓa har yanzu yana bukatar kuɗin shiga tsayayye da zai biya da shi.

Sha'awar sabon gini

Tun daga kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, amsar da gwamnatoci suka fi ba matsalar muhalli ita ce gina rukunin sababbin gidaje.

Wanda aka fi tunawa da shi a Arewa shi ne shirin Shugaba Shehu Shagari na 1980, lokacin da Kebbi ke cikin jihar Sakkwato. An ƙudurci gina gidaje dubu biyu a kowace shekara a kowace jiha daga cikin 19 na wancan lokaci. Abin da aka kammala kafin juyin mulkin ƙarshen 1983 bai kai ko kusa da abin da aka yi niyya ba. A wasu jihohin, saɓanin siyasa da gwamnoni ya sa an ba da filaye a bayan gari, nesa da ruwa da kasuwa. Har yanzu akwai unguwanni a garuruwa da dama da ke amsa sunan Shagari.

Manufar gidaje ta 1991 ta yi alƙawarin muhalli ga kowa kafin shekarar 2000. A 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da shirin gidaje dubu 300 masu sauƙin kuɗi. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin nasa shirin a Karsana da ke Abuja, kuma a zagayen farko an ware wa wasu jihohi, ciki har da Sakkwato da Katsina, gidaje 250 kowace.

Gidaje 250 abin a yaba ne ga iyalan da suka samu. Amma idan aka ajiye su kusa da alkaluman ambaliyar shekara guda a jiha guda, za a ga cewa magana ce ta wata matsala dabam.

Ba abin mamaki ba ne cewa an fi son sabon gini. Rukunin gidaje ana iya yanke masa ƙyalle, a sa masa suna, a ɗauki hoto. Gyaran gindin bango a gidaje dubu goma ba ya da ranar buɗewa.

Hatta yawan gidajen da ƙasar ke bukata ba a daidaita a kansa ba. An daɗe ana maimaita cewa akwai giɓin gidaje miliyan 17, wasu ma su ce miliyan 28, amma Babatunde Fashola, wanda ya riƙe ma'aikatar gidaje daga 2015 zuwa 2023, ya sha cewa alkaluman ba su da tushe. A kwarin Rima dai, mafi yawan mutane suna da inda suke kwana. Tambayar ita ce ko wurin zai jure damina.

Yadda gida ke faɗuwa

Ginin ƙasa ba shi ne matsalar ba a karan kansa. Ya fi na bulo da kwano sanyi a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi, kuma kayan aikinsa na kusa. Tsohuwar fadar Argungu, wadda yanzu ita ce gidan tarihi na Kanta, shaida ce cewa ginin gargajiya na daɗewa idan ana kula da shi.

Sharaɗin shi ne kulawar. Magina sun san cewa ruwa na cin gidan ƙasa ta wurare biyu: ta sama da ta ƙasa.

Ta sama, idan rufin soro ya tsage ko indararo ya toshe, ruwa kan kwanta ya jiƙa ƙasar rufin, nauyi ya ƙaru a kan azara. Azarar da gara ta riga ta ci ba ta ba da sanarwa kafin ta karye, kuma sau da yawa cikin dare abin ke faruwa, mutane na barci.

Ta ƙasa kuwa, ruwan da ya kwanta a gindin bango kwana biyu ko uku ya isa ya narkar da tubalin farko, sai bangon ya zauna ya rabu da rufi. Wannan ne ke faruwa idan gulbi ya cika ya shigo gari, ko idan an cike kududdufin da a dā ke shanye ruwan unguwa an yi gini a kai, ko magudanar ruwa ta cushe da leda.

A dā ana yi wa bango yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da katsi daga marina, domin ruwa ya riƙa zamewa. Giginyar da ake fasa azara daga gare ta ta yi ƙaranci, marina sun ragu, matasan da ke koyon ginin ƙasa su ma sun ragu. Wasu kan shafe bangon ƙasa da siminti, amma siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Yakan ɓamɓare, ruwa ya shiga ta bayansa ya ci bangon ba a gani ba.

Gyaran da ke ceton gida ba mai yawa ba ne: a ɗaga harsashi da dutse ko layin bulo kaɗan, a yi dakali a gindin bango, a sauya azarar da ta ruɓe, a tsawaita bakin kwano ya kare bango daga feshi, a fitar wa ruwa hanya. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da sake gini. Sai dai tun bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, kaɗan ɗin ma ya yi nauyi. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira dubu biyar a farkon 2023 ya kai dubu goma a wurare da dama a watan Fabrairun 2024, duk da cewa masana'antar siminti ta Kalambaina na nan a Sakkwato, maƙwabciyar Kebbi.

Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a wannan kwari shi ne gida da gona suna fuskantar haɗari ɗaya. Gulbin da ya taso daga Rima ya haɗu da na Sakkwato ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, shi ne ke ciyar da fadamun shinkafar da suka sa Shugaba Buhari ya zaɓi jihar domin ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a watan Nuwamban 2015. Shi ne kuma ya yi ɓarna a 2010, lokacin da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, da kuma a 2020, lokacin da dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa suka nutse a jihar.

Manomi da kuɗin kaka yake gyaran gida. Shekarar da ruwa ya ci bango, ita ce shekarar da ya ci shinkafar da za a sayar a gyara bangon, wani lokaci ma ya bar manomin da bashin taki.

Agaji bayan ɓarna

Idan bala'i ya auku, hukumar bayar da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, su ke kai ɗauki. Kayan da aka saba rabawa sun haɗa da hatsi da tabarmi da barguna da gidan sauro, sai kuma kwanon rufi da siminti da ƙusoshi. Wannan shi ne abu mafi kusa da kyautar gyaran gida da talaka ke gani.

Bayan babbar ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutane sama da 360 ta kuma raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, Shugaba Goodluck Jonathan ya ware naira miliyan dubu 17 da miliyan 600. An kasa jihohi rukuni huɗu gwargwadon ɓarna, kuma Kebbi ta faɗa rukunin da aka ba naira miliyan 250. An kuma kafa kwamitin tara gudummawa ƙarƙashin Alhaji Aliko Dangote da lauya Olisa Agbakoba.

A 2022 hukumomi sun ce mutane fiye da 600 sun rasu a faɗin ƙasar, gidaje sama da dubu 82 kuma sun rushe baki ɗaya. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da ba kowace jiha naira miliyan dubu uku domin rage raɗaɗin ambaliya.

Kuɗin na da yawa a ji. Amma idan aka raba shi a kan gidaje dubu 321 da gwamnatin Kebbi ta ambata, kowane gida bai samu naira dubu goma ba, wato kusan kuɗin buhun siminti guda a wannan shekarar. Kuma ba domin gidaje kawai aka bayar da shi ba, akwai gonaki da hanyoyi da gadoji.

Agaji na da wasu raunin. Yakan zo a makare. Rabonsa ya dogara ne da jerin sunayen da aka rubuta cikin gaggawa, abin da ke jawo zargin son kai kusan a ko'ina. Kuma bandir ɗin kwano ba ya gyara harsashi: mutum kan sake ɗora rufi a kan irin bangon da ya faɗi, a wurin da ya faɗi.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Pakistan ta fuskanci irin wannan tambaya bayan girgizar ƙasar Kashmir ta watan Oktoban 2005. Maimakon a ba 'yan kwangila, sai aka riƙa ba masu gidajen kuɗi kai tsaye, rupi dubu 175 ga wanda gidansa ya rushe, amma kashi-kashi. Ba a sakin kashi na gaba sai jami'ai sun duba sun tabbatar an bi ƙa'idar gini. An sake gina ko gyara gidaje kusan dubu 600 ta wannan hanya.

Lardin Sindh ya ɗauki irin tsarin bayan ambaliyar 2022, da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya. Ana ba kowane iyali rupi dubu 300 a matakai, da sharaɗin a ɗaga harsashi sama da inda ruwa ke kai wa. Abin da aka sa a gaba shi ne gidaje kimanin miliyan biyu.

A Indiya, shirin gidajen karkara da aka ƙaddamar a 2016 na tura rupi dubu 120 asusun bankin mai gida, shi ma kashi-kashi, bayan an ɗauki hoton kowane mataki na ginin. Taron mutanen ƙauye ne ke tantance sunayen waɗanda suka cancanta.

Hatta a Amurka, ma'aikatar noma na da shirin gyaran gidajen matalautan karkara. Wanda ya kai shekara 62 kuma ba zai iya biyan bashi ba, ana iya ba shi kyautar da ta kai dala dubu goma domin kawar da abin da ke barazana ga lafiyarsa a gidan. Idan ya sayar da gidan kafin shekaru uku, sai ya mayar da kuɗin.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kuɓuta daga ƙorafin jinkiri ko cuwa-cuwa. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne kuɗin na zuwa hannun mai gida, a kan gidan da yake ciki, ba tare da an tambaye shi takardar albashi ba. A Najeriya, misalan kyautar gida da aka fi sani sun fito ne daga yankin da rikici ya shafa, kamar garin Ngarannam na jihar Borno, wanda gwamnatin jihar da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sake ginawa aka buɗe a 2022.

Zakka, waƙafi da gayya

Kafin hukumomi, al'umma na da nata hanyoyin. Gayya ce ke ta da bangon tsohuwa ko na marar lafiya: matasa su kwaɓa ƙasa, magini ya ɗora, mai gida ya ba da fura ko tuwo. Ɗan da ke aiki a Legas ko Abuja ya aiko da kuɗin kwano. Mata su kwashe adashi su sayi siminti. Har yanzu waɗannan ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin gyaran gidaje a yankin, ko da yake gayya na ja da baya a unguwannin da suka zama birni, inda aikin gini ya koma na lada.

Zakka ma na da gurbi a nan. A mazhabar Malikiyya, zakka haƙƙi ne da ake damƙa wa wanda ya cancanta, shi ya sa ba a gina masallaci ko gada da ita. Amma matalaucin da aka ba shi yana da ikon ya gyara ɗakinsa da ita. Jihar Sakkwato ta mayar da kwamitinta na zakka da waƙafi cikakkiyar hukuma a 2016, Zamfara kuma ta riga ta kafa tata.

Sai dai a yankin noma zakka na da irin raunin da aljihun manomi ke da shi. Ana fitar da ɗaya bisa goma na amfanin da ruwan sama ya shayar, da rabin haka ga wanda aka shayar da wahala ko injin ban ruwa. Idan ambaliya ta cinye shinkafa, zakkar wannan shekarar na raguwa daidai lokacin da masu bukata suka ƙaru. Waƙafi ya fi jure wa irin wannan, domin shago ko gidan haya da aka tsayar yana kawo kuɗi ko an yi ambaliya ko ba a yi ba.

Akwai kuma gidajen da gyara ba zai cece su ba, waɗanda ke kan hanyar ruwa. Hukumomi kan nemi mazauna irin waɗannan wurare su koma tudu, amma masunci ko mai noman fadama ba ya son ya yi nesa da abincinsa, kuma ba safai ake haɗa umarnin tashi da fili da kuɗin gini ba.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa da hukumar nazarin ruwa kan fitar da hasashen damina da na ambaliya a watannin farko na kowace shekara, har da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, kuma Kebbi na yawan fitowa a jerin. Lokacin ya zo daidai da rani, wanda shi ne kaɗai lokacin da magini ke iya kwaɓa ƙasa ta bushe kafin ruwan farko na watan Mayu ko Yuni. Motocin kayan agaji kuwa, a mafi yawan shekaru, a watan Satumba ko Oktoba suke isa Argungu.